Kunun Gwaggo Jummai

Assalamu alaikum, mutanena na wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa, "Zulaihat kin cika ƙorafi, wasu na can na neman mijin ido rufe." Na ji, 'yar uwa, Allah Ya ba ki nagari. Amma yau ba ƙorafi na zo yi ba, laifina na zo faɗa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekarata ashirin da biyar, gidanmu na Ƙofar Guga, ina koyar da ilimin lafiya da motsa jiki a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo can wajen Ƙofar Sauri. Ba zan faɗi sunanta ba. An sa ranar aurena da Nu'uman, saura sati biyar. Ba wanda ya yi mani dole, ni na gani na ce ina so, shi ma ya ce yana yi.

Aibina guda ne a idon danginshi: ni siririya ce. Ba ciwo nake ba, ba yunwa ba, haka Allah Ya yi ni, haka marigayi Babanmu yake har ya koma ga Mahaliccinsa. Ina ci ina ƙoshi, ina zagaye filin makaranta sau huɗu ban yi haki ba. Amma bayan an sa rana, mahaifiyarshi Hajiya Sabuwa ta zo ganina da wani awarwaro na zinari, nata ne tun na ƙuruciya. Ta kama hannuna da kanta ta zura mani shi. Ina sauke hannun ya sulale ya faɗi kan tayil, ya yi ta juyi a tsakar falo kowa na kallo.

Hajiya ta bi shi da ido har ya kwanta, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ni dai ba za a rage mani awarwaro ba. A cika hannun."

Aka yi dariya. Mama ma ta yi, irin wadda ba ta wuce haƙori ba. Baƙi na fita ta ɗauki waya ta kira Gwaggo Jummai.

Gwaggo Jummai yayar Babanmu ce, kuma duk amaryar da aka yi a danginmu ta bi ta hannunta. Washegari sai ga ta da jakar bakko biyu, ta tare a ɗakina, ta ture littattafaina gefe ta jera robobi: garin waken suya, aya, dabino, gyaɗa, ridi, madarar gari, man shanu a kwalba. Ta ɗaga hannuna sama kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Ke ɗiyar nan, mi kike ci? Iska?"

"Gwaggo ina ci fa."

"Yi mani shiru. Wata ukku ya ishe ni, sai uwar miji ta kasa gane ki."

Daga ranar na shiga uku. Da safe kunu, da rana kaza da romo, da yamma fura da nono mai kauri, ga dilka, ga turare har numfashi na sarƙewa. Ta hana ni tafiya makaranta a ƙasa, wai tafiyar ce ke cinye naman, sai dai in hau kurkura, wato Keke Napep, daga bakin titi har ƙofar makaranta. Igiyar tsallena ta ɗauke ta ɗaure buhun gawayi da ita. Har telan da ke ɗinka kayan lefe an ce ya ƙara inci uku a kowace riga, wai zan cike su kafin ranar.

Duk wannan na daure. Kunun ne ya gagare ni. Kunun gyaɗa ne mai kauri, ga madara, ga man shanu na yawo a kai, ga zaƙi har maƙogwaro na ƙaiƙayi. Kuma saboda ina sammakon fita, sai ta riƙa ɗura mani shi a wani jan fulas, ta miƙo mani a zaure.

"Ki shanye shi tas. In na ga ɗigo a ciki, ni da ke ne."

To a nan labarin ya karkace.

A makaranta ina da wani kulob na lafiya da na kafa da 'yan aji biyar. Abin da ya sa na kafa shi, wata rana na ce duk wadda ta karya kafin ta fito ta ɗaga hannu. Cikin yara hamsin da takwas, hannu goma sha ɗaya na ƙirga. Sauran sai an kaɗa ƙararrawar tara su ruga bakin get, su sayi fanke da lemon roba mai kala, su kora, shi ke nan har ƙarfe biyu. Wasu ba rashi ba ne, kwana suke kan waya su makara. Wasu kuma babun ce. Duk Laraba muna haɗuwa ƙarƙashin bishiyar bedi, mu yi tsallen igiya, in yi ta surutu: ku karya, ku sha ruwa, ku rage zaƙi, ku kwanta da wuri, ku bar man bilicin. Abin da na fi zafi a kai kuwa shi ne ƙwayar nan ta sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Har zane na yi masu a kwali, na manna a bangon ajinsu. Ku riƙe wannan a ranku.

A cikin yaran akwai Rahama. Shekararta sha shida, ita ke zuwa ta ɗaya a ajin, 'yar shiru-shiru mai hijabi ɗaya da ya sha wanki har ya koɗe. Wata Litinin ana tsaye a layin safe sai ta sulale ta faɗi. Muka ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani wurin Sista Tani, ma'aikaciyar jinyar makarantar. Da ta farfaɗo na tambaye ta me ta ci.

"Ban ci ba, Malama."

"Jiya da dare fa?"

Ta sunkuyar da kai. Babanta ya rasu, innarta awara take soyawa, kuma sai an sayar da yamma ake ɗora tukunya.

Ga jan fulas a jakata cike, ga yarinya da yunwa. Ku gaya mani, wace ce a cikinku ba za ta yi abin da na yi ba? Na tsiyaya mata a murfin, ta sha tana lumshe ido, na ƙara mata. Daga ranar muka yi shiri: da an kaɗa tara ta same ni bayan ɗakin gwaje-gwaje, in ba ta fulas ɗin, ta dawo mani da shi wankakke kafin a tashi. Ni na huta, ita ta ƙoshi, Gwaggo ta ga fulas tas. Har ina jin daɗin dabarata, ina ganin na haɗa lada da hutu.

Sati uku sai ga Rahama ta fara cika. Kumatu suka fito, fuskar ta yi zagaye tana sheƙi. Ƙawayenta suka sa mata suna Hajiya. Ni kuwa don tsabar wauta, ranar wata Laraba na tsayar da ita gaban 'yan kulob na ce, "Ku dubi Rahama. Ba ƙwaya, ba komai, karin safe ne kawai. Kun ga amfaninshi?" Suka tafa mata. Ina tuna tafin nan yanzu sai in ji kamar in tona rami in shige.

Akwai abubuwan da na gani na kawar da kai. Tana yawan neman izinin fita fitsari. Kullum gorar ruwanta a bushe, tana roƙon na wasu. Ƙuraje sun feso mata a goshi. Sau ɗaya ta ce mani, "Malama, ranar Asabar da Lahadi jikina kamar an yi mani duka, sai Litinin nake dawowa daidai." Na ce ai kewar makaranta ce, muka yi dariya. Ni fa malamar lafiya ce, jama'a. Ni na zana kwalin nan da hannuna.

A gida kuma Gwaggo ta rasa gane kaina. Duk Juma'a sai ta ɗauko awarwaron ta zura mani, ya zube.

"Wannan jiki naki akwai taurin kai. Ban taɓa ganin irinshi ba. Amma bari, na san abin yi."

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce, sati bakwai ke nan da fara ba Rahama kunu, na fito har bakin titi sai na tuna na bar takardun gwajin yara a kan gado. Na koma da sauri. Ban tarar da Gwaggo a zaure da fulas ba kamar kullum, don ranar na riga ta shiri, na fice kafin ta gama haɗa kunun. Na leƙa kicin in ce ta ba ni in tafi. Tana tsugune, ta ba ƙofa baya, tana murƙushe wani abu a faranti da bayan cokali. Ƙananan ƙwayoyi ne farare. A gefenta ga baƙar leda, ga fallen magani an ɓalle rabi. Ina kallo ta kwashe garin ta zuba a fulas ta girgiza.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Au, kin dawo? Gyara ne."

"Tun yaushe kike sa mani?"

"Tun ranar farko mana. Da guda nike sawa, na ga ba ki motsa ba na maida biyu. Satin nan ukku nike sawa. Ke wai da kina zaton gyaɗa kaɗai ke cika amarya?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba kaina na tuna ba, fuskar Rahama ce ta faɗo mani, zagayayyiyar nan da na sa aka yi wa tafi. Gwaggo ta miƙo mani fulas, na karɓa kamar wadda aka yi wa asiri. Da ta juya ɗauraye cokali na zari fallen maganin na cusa a jaka.

Ban shiga aji ba, ɗakin Sista Tani na wuce. Na ajiye mata fallen maganin a tebur. Ta ɗaga gilashinta ta karanta, ta dube ni.

"Malama Zulaihat, ke ma? Ke da ke yi wa yara wa'azi?"

Na rufe ƙofa na gaya mata komai. Tun ina magana ta cire gilashin ta ajiye.

"Sati nawa?"

"Bakwai."

"Guda nawa a rana?"

"Ɗaya, sai biyu. Satin nan uku."

Ta yi salati ta dafe kai. Ta ce magani ne mai ƙarfi da likita ke ba mai asma ko mai kumburi, da awo, na ɗan lokaci. Ta ce abin da muke gani a fuskar yarinyar ba lafiya ba ce, kumburi ne da kitsen da maganin ke tarawa. Ƙishirwar nan da yawan fitsari kuma tana tsoron sukarin jininta ne ya hau.

Na ce, "Shi ke nan, daga yau na daina ba ta. Yanzu zan zubar."

Ta riƙe mani hannu. "Tsaya, ba a nan take ba. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ba a yanke mashi rana ɗaya. Jikin ya saba, ya daina yin nashi. In aka yanke kwatsam tana iya zubewa, abin ya fi na da muni. Likita ne zai auna ta, ya riƙa ragewa da kaɗan-kaɗan. Yau ɗin nan za ki je ki sami uwarta ki gaya mata gaskiya, a kai ta asibiti da wannan fallen a hannu."

"Sista, in na faɗa, gidanmu fa? Bikina saura sati biyar."

"Ita kuma 'yar mutane fa?"

Na ce ta yi mani rai ta ba ni zuwa Litinin. Ta ce, "Litinin da safe in ba ki faɗa ba, ni zan shiga ofishin shugabar makaranta da ƙafata. Kuma ki sani duk abin da ya same ta kafin nan, wuyanki."

Aka kaɗa tara. Ina tsaye bayan ɗakin gwaje-gwaje sai ga Rahama da gudunta, tana murmushi, kumatun nan sun kusa rufe mata ido.

"Malama ina kwana. Yau tun asuba nake tunanin kunun nan."

In ba ta, guba na ba ta da sanina. In hana ta, Sista ta ce tana iya zubewa. In gaya mata gaskiya, kafin azahar labari ya zagaye makaranta, kafin la'asar ya isa kunnen Hajiya Sabuwa. Na tsaya riƙe da fulas kamar gunki. Ga abin da na ce zan faɗa maku, ku zage ni in kun ga dama, na cancanta: na miƙa mata. Na ce dai ta sha rabi. Ta ce to, ta yi godiya har da ɗan rusunawa. Na shiga banɗakin malamai na yi kukan da ban yi irinshi ba tun rasuwar Baba.

Da aka tashi, ina cikin kurkura na ɗauki hoton fallen na tura wa Nu'uman. Shi kaɗai nake ganin zai tsaya mani.

"Ka san wannan?"

Ba a yi minti biyu ba ya amso, har da 'yar fuskar dariya. "Ranki ya daɗe, Gwaggo ta bari kin gani ke nan. Na ƙarin kuzari ne. Hajiya ke sa ni karɓowa, ni ke kawowa duk Asabar."

Na karanta sau uku. Mai kurkura na tambayata inda zan sauka ban ji shi ba.

"Kai ke kawowa? Ka san abin da yake yi wa mutum?"

"Haba Zulai. Yayyena duk sun sha kafin bikinsu, ga su nan garau. Ni a haka na gan ki na ce ina so, kin sani. Don dai a zauna lafiya da Hajiya ne. Sati biyar ne fa kawai, ki daure mani."

Na rubuta mashi sunan Rahama, na rubuta komai, layi ya fi goma. Sai na goge. Na rubuta "To." Shi ma na goge. Ya turo, "Kin yi fushi?" Ya turo hoton labulen da ya sa a ɗakina na can gidanshi, ruwan zuma, kalar da na zaɓa. Ina son mutumin nan, kar ku ce ban faɗa ba. Abin da ya fi ci mani rai ke nan.

Mama na samu a ɗakinta tana ninke atamfofin anko. Na durƙusa na zayyane mata. Ta saki atamfar da ke hannunta.

"Zulai kin kashe ni. Wato sati bakwai kina ɗaukar wahalar da ake maki kina ba 'yar wasu?"

"Mama, kin san da ƙwayar?"

Ta tashi ta tura ƙofa, ta rage murya. "Ki rufa mani asiri, ki rufa wa kanki. In maganar nan ta fita cewa za a yi gidanmu an ba ɗiyar mutane guba. Aikinki ya tafi. Hajiya kuma ta ji kin mayar da ita abin wasa, kina zaton za ta ƙara taka gidan nan? Ubanku ba ya raye, ni kaɗai ce, da wane ido zan kalli mutane?"

"Yarinyar na iya mutuwa, Mama."

"Ba za ta mutu ba in Allah Ya yarda. Ki daina ba ta kawai."

"An ce ba a yankewa lokaci ɗaya."

"To ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan har biki ya wuce, sannan a san abin yi."

Tana faɗa tana hawaye. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Mama irin na ranar ba, kuma na san ba mugunta ba ce. Ranar Juma'a na sake ɗaukar jan fulas na fita, na sake ba Rahama rabi.

Jiya Asabar Hajiya Sabuwa ta aiko cewa tana nan tafe bayan la'asar, za ta ga yadda gyara ke tafiya. Gwaggo ta tashi hankalin gidan. Ta sa na saka siket biyu a ƙarƙashin zane, da rigar sanyi a cikin rigar leshi, cikin zafin nan. Ta tura awarwaron can sama kusa da gwiwar hannuna inda zai kama, ta ja hannun riga ta rufe rabinshi.

"Kar ki sauke hannun nan. Ki riƙe shi a ƙirji kamar mai jin kunya."

Nu'uman ne ya kawo Hajiya, ya tsaya a mota a ƙofar gida. Aka shimfiɗa mata darduma a falo, aka jera lemo da dambun nama. Na durƙusa na gaishe ta, gumi na bin bayana.

"Lahiya lau, ɗiyata. Taso in gan ki." Ta ƙare mani kallo sama da ƙasa. "To, ƙugun dai ya fara. Fuskar ce har yanzu shiru. Jummai, anya hannunki bai yi sanyi ba?"

Gwaggo ta buɗe baki ke nan sai muka ji sallama a tsakar gida. Muryar mace ce da ban sani ba. Mama ta amsa, aka ɗaga labule. Wata mata ce 'yar firit da tsohon mayafi, riƙe da kwanon samira. A bayanta Rahama, tana jan ƙafa, leɓenta a bushe, idanun sun yi zuru-zuru cikin kumburarriyar fuska. Ga kuma wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, riƙe da gefen zanen matar.

Suka zube suka gaida kowa, gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi zafi. Ni dai ina durƙushe, hannu a ƙirji.

"Ni ce innar Rahama," in ji matar. "Ku yi haƙuri mun faɗo maku ba sanarwa. Tun tuni nike son in zo in yi wa Malama godiya, ga 'yar awara ba yawa. Wata biyu ke nan kullum sai ta ba ɗiyata kunu a makaranta. Ku dube ta, don Allah! Ɗiyar da iska ke ɗauka, yau unguwa kowa tambayata yake mi nike ba ta."

Gwaggo ta dubi fuskar Rahama, ta dubi tawa. Na ga lokacin da ta gane, bakinta ya buɗe bai rufe ba. Hajiya Sabuwa ta ajiye kofin lemonta a hankali.

"Wane kunu?" in ji ta.

"Na jan fulas, Hajiya. Ai albarka gare shi. Yau ma da ba makaranta kin gan ta duk ta yi laushi, tun sahe take kwance, da ƙyar na taso ta. Shi ya sa na ce bari in roƙi Malama ta gaya mani yadda ake haɗa shi." Ta jawo ƙaramar gabanta tana dariya. "Ga autata ma ta samu rabonta. Kullum Rahama sai ta ɗuro mata saura a gora. Kwana biyun nan ma da Malama ta ce ta riƙa shan rabi, rabin duk wannan ke shanyewa."

Na dubi yarinyar. Kumatunta sun yi tulu-tulu, tana yi mani murmushi da giɓinta.

Mama ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali, roƙona take. Gwaggo ta yi wuf ta ce, "Ai gyaɗa ce kawai da madara, baiwar Allah, sai ɗan..."

"Ƙwaya ce." Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. "Inna, ki yafe mani. Akwai sha-ka-fashe a kunun nan, ni aka haɗa wa, ban sani ba sai shekaranjiya. Kuma da na sani ɗin ma na ƙara ba ta sau biyu. Ba ƙiba ba ce, ciwo ne. Ku tashi mu tafi asibiti yanzu, su biyun duka."

Kwanon samira ya kufce daga hannun matar, awara ta watse a kan darduma. Rahama ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Malama, irin na jikin kwalin?"

Na miƙa hannu na kamo nata, zafi rau. Awarwaron ya gangaro ya faɗi, na ji ƙararshi a tayil, ban waiwaya ba. Na shiga ɗaki na zari hijabi da jakar da fallen ke ciki. Ina fitowa Mama ta sha gabana a tsakar gida.

"Zulai, in kika fita zauren nan da yaran nan, kin san abin da kika fasa?"

"Na sani, Mama."

Na ratse ta gefenta. Innar Rahama na biye da ni da ƙaramar a kafaɗa, tana ta salati. Rahama ta jingina da ni, nauyinta duk a jikina, ga siket biyu na harɗe mani ƙafa. Daga gidanmu zuwa titi akwai tafiya, kuma na san ba za ta kai ba.

A ƙofar gida Nu'uman na jingine da mota cikin farar shadda. Yana ganina ya washe baki, ya ɗago wata baƙar leda.

"Amarya da kanta! Ga saƙon Gwaggo na wannan satin, na manta ban ba Hajiya ta shiga da shi ba."

Sai ya ga fuskar Rahama, ya ga ta ƙaramar. Murmushin ya tsaya. Daga cikin gida muryar Hajiya ta taso har waje: "Nu'umanu! Ta da mota, gida za mu!"

Na ce, "Ka ga inda saƙonka yake zuwa. Riƙe ledar da kyau, likita zai so ganinta. Buɗe mana mota."

Ya dubi zauren da uwarshi ke fitowa, ya dube ni. Makullin motar na hannunshi.